Jakar gidanku da dillalin da bai damu da gyambo ba

Wani matashi daga unguwar Garin Malam, a nan Damagaram, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Likita, kullum ina cin karo da hotuna a Facebook na yadda ake gallaza wa kaji da shanu a masana'antun Turai, ana ta kiran haƙƙin dabbobi. Ni dai a ganina zancen masu ƙoshi ne, mu nan ɗan Adam ma bai samu nasa haƙƙin ba balle jaki. Sai dai ga abin da ya hana ni sukuni. Muna da jaka mai ja mana amalanken ruwa, ƙarfinta ya fara raguwa, bayanta ya yi gyambo. Wani dillali ya taya ta da kuɗin da ya wuce darajarta, ya ce wa Baba shi bai damu da gyambon ba. Shin morar dabba zalunci ne? Kuma mu sayar ko mu bari?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin a ce albarka a karɓi kuɗi. Da maganar dillalin zan fara, domin rabin amsarka na cikin abin da ya faɗa wa mahaifinka. Na fi shekara ashirin ina duba dabbobi a kasuwannin jihar nan, daga Tanut har Magarya, ban taɓa ganin mai sayen jaki don aiki da bai ɗaga akumari ya duba baya ba. Zai buɗe baki ya ga haƙora, ya ɗaga ƙafa ya ga kofato, ya sa yaro ya hau ya zaga da ita. Wanda ya ga gyambo ya ƙara kuɗi, ba jakar yake so ba, fatarta yake so. Kuma ba don jima ba, tunda majemi ba ya son fata mai tabo. Dafa ta za a yi.

Mutanen ƙasar Sin suna da wani maganin gargajiya da suke kira ejiao. Ana jiƙa fatar jaki, a kankare gashin, a yi ta dafa ta har ta narke ta koma danƙo, a zuba shi ya daskare, sannan a yayyanka kamar sabulu. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna shan sa don ƙarin jini da ƙarfin jiki, cibiyar sana'ar kuma tana wani gari mai suna Dong'e a lardin Shandong. Da can abin sarakuna ne da attajirai. Da arziki ya yalwata a ƙasar sai kowa ya ce shi ma zai sha, aka shiga sa shi a alewa da abin sha da man shafawa. A daidai wannan lokacin kuma manomansu suna ajiye jaki suna kama injin. Jakunan Sin da suka kai miliyan 11 a 1990 sun dawo ƙasa da miliyan 2 cikin kimanin shekara talatin. Sai ido ya juyo Afirka, inda wajen kashi biyu cikin uku na jakunan duniya suke. Wata ƙungiyar kula da jakuna ta Ingila, The Donkey Sanctuary, ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka aƙalla jaki miliyan 5.9 duk shekara saboda wannan fata.

Za ka ce to a yi ta kiwon su mana, kamar kaji. Ba ya yiwuwa. Kaza kwana 21 take kwanci ta fito da ƴan tsaki goma. Akuya wata biyar ta sauke, sau da yawa tagwaye. Jaka kuwa shekara guda cur take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, ɗan kuma sai ya yi shekara uku kafin ya iya aikin kirki. Wadda ke jan kaya kullum ba ta ma ɗaukar ciki duk shekara. Abin da aka kwashe a kasuwa biyu sai a yi shekaru ba a mayar da shi ba.

Duk wanda ya ci kasuwa a 2016 ba zai manta ba. Jakin da ake sayarwa jika 20 ya haura jika 80. Hukumomi a Yamai suka ce a 2015 gaba ɗayanta jakuna 27,000 aka fitar daga ƙasar, amma 2016 ba ta ƙare ba har an fitar da 80,000. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta hana fitar da jaki, wata guda bayan Burkina Faso ta hana fitar da fatunsa. Sai a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Nijar ba ta zauna wannan taro ba, an dakatar da ita tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, amma ta riga su da fiye da shekara bakwai.

Takarda ta hana, daji bai hana ba. Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, gona na kallon gona. Da dare ake kora su ta cikin karkara, su faɗa kasuwannin tsallake irin su Maigatari da Mai'aduwa, daga nan a loda su a manyan motoci a nufi kudu. A jihar Ebonyi akwai kasuwa a Ezzamgbo da ta yi suna da yankan jakuna, har kalmarmu ta shiga sunanta, Nkwo Jaki. Naman a ci a can, fatar a sa mata gishiri a tara, sai jirgin ruwa.

Akwai ranar da ba na mantawa, cikin bazarar 2016, a wata kasuwar kan iyaka. An tara jakuna sun fi sittin a wani fili bayan kara, babu inuwa ko ta ƙaya, an ɗaure su biyu-biyu da igiya a wuya. Leɓuna sun bushe sun tsattsage, idanu sun faɗa. Na kama fatar wuyan ɗaya na ja na saki, ta tsaya a naɗe ba ta koma ba, alamar ruwan jiki ya ƙare ke nan. Na tambayi yaron da ke tsaron su yaushe rabonsu da ruwa. Ya ce shekaranjiya. Na ce don me, ga rijiya can? Ya ce maigida bai bar kuɗin ruwa ba. Sannan ya ƙara da maganar da har yau take yi mini yawo a kai: "Ai Likita, ko ta mutu fatar ba ta mutu ba." Ba da mugunta ya faɗa ba, lissafin da aka koya masa ke nan. Kafin la'asar wata jaka mai tsohon ciki ta kwanta ba ta tashi ba. Nan take suka feɗe ta, suka naɗe fatar, suka bar wa karnuka sauran. Da can da na ce ungulu, to ita ma yanzu sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba, masu sayen kanta don tsibbu sun kusa gamawa da ita.

Maganar yaron nan ita ce mudun da nake auna kowace sana'ar dabbobi da shi, ta nan gida ko ta Turai. Ina duba wanda dabbar take hannunsa a wannan sa'ar, in tambayi kaina: in ta wahala, shi me ya ragu a aljihunsa? Bafulatanin da ke bin saniyarsa, ramarta ramarsa ce. In ta kwana da ƙishirwa gobe babu nono a ƙwarya, don haka zai hana kansa barci ya ja guga. Amma da zarar dabba ta faɗa hannun wanda wahalarta ba ta rage masa ko dala, to ba abin da ya saura tsakaninta da azaba sai tsoron Allah, ko tsoron hukuma.

Jaki kuma haƙurinsa ne ke cutarsa. Doki in cikinsa ya murɗa zai yi ta birgima yana haƙar ƙasa har kowa ya taru. Jaki sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, mai shi ya ce taurin kai ne ya ƙara masa sanda. Yana da wata lalura da ta fi kama shi fiye da sauran dabbobi: in ya yi kwanaki bai ci ba, ko aka raba shi da abokin zamansa aka tsorata shi, kitsen jikinsa sai ya narke ya cika jini, hanta da ƙoda su gaza. Masu ciki da masu shayarwa ta fi kashewa. Ga cuta da ke bin garken da aka haɗo daga kasuwanni daban-daban. Murar dawaki da jakuna da ta ratsa ƙasashen nan daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta kashe jakuna dubbai, ƙauyuka da yawa suka wayi gari babu abin da zai kai su rijiya.

Hotunan da kake gani na Turai ba ƙarya ba ne, kuma lissafin yaron nan ne, sai dai an yi shi da injin. Kazar ƙwai a keji irin na da, filin da doka ta ba ta bai kai faɗin farar takardar da ake buga wasiƙa a kanta ba. Ba ta buɗe fiffike, ba ta birgima a ƙasa, ba ta tona, har ta mutu. An tace irinta har tana yin ƙwai wajen 300 a shekara, inda tamu ta gida ba ta cika wuce 50 ba, sinadarin ɓawon ƙwan kuma daga ƙashinta ake zarar sa, shi ya sa ƙasusuwansu ke karyewa. Ƴan tsaki maza na wannan iri, tunda ba sa ƙwai kuma ba sa saurin yin nama, ranar da aka ƙyanƙyashe su ake kashe su. Jamus ba ta hana wannan ba sai farkon 2022. Kajin nama kuwa mako biyar ko shida ake yanka su, ƙirji ya riga ƙafa girma har wasu ba sa iya tsayuwa. Kaji sama da biliyan 70 ake yankawa a duniya duk shekara. Mai kaza dubu ɗari, mutuwar dubu biyu na cikin lissafinsa tun kafin ya zuba su.

Su ma can ba shiru suka yi ba. A 1965 wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta kafa ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya fitar da rahoto, daga shi aka tsamo abubuwa biyar da muka haddace a makarantar likitan dabbobi: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, ta samu wurin da jikinta zai sake, a kare ta daga ciwo da rauni, kada a tsorata ta, a kuma bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta da ita. Tarayyar Turai ta hana wancan keji daga farkon 2012. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Faris, wadda Nijar ke cikinta, ta ƙara babi na musamman a 2016 kan dawaki da jakuna da alfadarai masu aiki. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, irin kejin da suka bari shi muke sayowa muna kiran sa ci gaba, mu kafa shi ƙarƙashin rufin kwano a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 42. Kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Wani mai gonar kaji a bayan gari ya taɓa kirana da azahar, wuta ta ɗauke, tankin ruwa ya ƙafe. Kafin in isa ana kwashe matattu a baro.

Batun cewa zancen masu ƙoshi ne kuwa, a nan ban bi ka ba. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka ji tun muna zama a zaure gaban malamai ya ishe mu. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ci da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. An gafarta wa wani don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya ba kare mai ƙishirwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, ya nemo mai shi ya ce ya ji tsoron Allah, dabbar ta kawo ƙara cewa yana barin ta da yunwa yana jibga mata aiki. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu an ce in za a yi yanka a kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Waɗanda aka faɗa wa wannan ba masu ƙoshi ba ne, mutanen Madina ne da suka san ɗaura dutse a ciki don yunwa. Naman jakin gida ma tun ranar Haibara aka hana mu shi.

Inda na rabu da wasu masu fafutukar can shi ne masu cewa duk morar dabba zalunci ne, a bar nama, a bar nono, a bar hawa. Mai faɗin haka bai taɓa zuwa Tasker ko arewacin Tanut ba, inda ruwan sama bai isa gero ba, sai ciyawa da ƙaya. Mutum ba ya cin ciyawa. Raƙumi da akuya ne ke mai da ita nono, da shi Tubawa da Buzaye da Fulani suke raya ƴaƴansu. Suratun Nahli ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ta ce don mu hau. Halas ne mu hau, mu tatsa, mu yanka. Halascin yanka dai bai halasta azabar da ake yi kafin a kai ga wuƙa ba.

Namu laifin ba a rufe yake cikin masana'anta ba, a kan titi yake kowa na gani. Ka tsaya bakin hanyar Matamai ko ta Magarya ranar kasuwa ka dubi kamiyon shanu. An cusa su har ba inda za a sa ƙafa, an ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, mutane na zaune a sama. Wadda ta faɗi ƴan uwanta su tattake ta. In ana so ta tashi sai a murɗe wutsiya har ta karye, ko a zuba mata taba ko barkono a ido. Wurin saukewa babu tudun da za su taka, turo su ake yi, ka ji ƙafa ta ce ɓas. Tumaki a ɗaure ƙafa huɗu a saman mota kan ƙarfe mai zafi, kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur. Mun saba gani har ido ya daina gani.

A wata mayanka na taɓa tarar da yara sun sare wa sa agara don kada ya ba su wahalar kayarwa, yana jan gindi a cikin jinin ɗan uwansa da aka yanka a gabansa. Na yi faɗa, ba wanda ya kula ni. Da na huce sai na zauna da wani dattijon mahauci na bi ta inda zai ji. A cikin tsokar dabba akwai wani sukari da take ajiyewa. Bayan yanka, shi ne ke juyewa ya zama ɗan tsamin da ke sa nama ya yi ja mai haske, ya yi laushi, ya jure. Dabbar da ta sha duka da tsoro da doguwar tafiya ta riga ta ƙone sukarin nan tun tana da rai, sai namanta ya fito baƙi-baƙi, ya yi tauri, ya kuma yi saurin wari, a garin da yawancin mahauta ba su da firij. Duk inda sanda ta sauka jini ya kwanta, sai an yanke an yar. Fatar ma dukawan garin nan za su gaya maka, shatar bulala da lalas da yankan wuƙa su ke karya mata kuɗi. Dattijon ya yi shiru, ya ce sun san irin wannan naman, masu kilishi ba sa son sa, amma bai taɓa haɗa shi da dukan ba. Daga baya ya riƙa sayen sa tun jajibiri, ya bar shi ya kwana da ruwa a gabansa. Ban ce don tausayi ya yi ba, ni dai dabbar ta huta.

Sai kuma allura. Layya na matsowa, masu kiwon raguna su bazama neman allurar ƙiba a hannun masu tallar magani a kasuwa. Yawancinta ba tsoka take sawa ba, ruwa take tarawa a jiki, ta kuma karya garkuwar dabbar. Allurar kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, wadda kowa ke yi wa dabbarsa da kansa, tana bukatar mako uku zuwa huɗu kafin naman ya tsarkaka, amma sai a yi ta yau a kai kasuwa jibi. Mu ne masu cin sauran maganin. Na kuma sha kama masu amalanke suna jiƙa tramol a ruwa suna ba sa ko jaki don kada ya ji gajiya. Gajiyar tana nan, ji ne kawai aka toshe, sai dabbar ta yi ta ja har ta faɗi.

Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwa daga nesa ake jawo shi, in bazara ta yi famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba. A irin wannan lokaci unguwannin gefen gari a bayan jaki suke sha. Ka lura kuma, jakunan da suka fi shan wuya ba na masu su ba ne, na haya ne. Mai amalanke goma yana zaune a inuwa, ya raba wa yara, kowanne ya kawo kuɗi kaza da magariba, an samu ko ba a samu ba. Jakin ba na yaron ba ne, gobe wataƙila wani za a ba shi. In ya tsaya ya shayar da shi, sahu ɗaya ya wuce shi a layin famfo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurayen biyu ne, jakin da yaron. Dokar kiwo ta ƙasa ta 2004 ta hana cutar da dabba, amma tunda nake aikin nan ban ga wanda aka tsayar gaban alƙali don ya fasa wa jaki baya ba.

Mu dawo kan jakarku. Ina shakkar tsufan nan. Jakin da aka kula da shi yana kai shekara 30, har ya wuce. Yawancin waɗanda ake kawo mini ana cewa sun tsufa, in na buɗe baki sai in tarar ba su wuce goma ba. Yunwa ce da tsutsar ciki da ciwon baya suka tsufar da su.

Gyambon kuwa ba daga sama ya faɗo ba, wani abu ne ke gurzar wurin kullum. Ka gwada wannan: ku loda amalanken yadda kuka saba, ba tare da jakar ba, ka ɗaga sandunan gaba da hannunka. In sai ka yi nishi kafin su tashi, to wannan nauyin ne ke zaune a kan ƙashin bayanta tun safe har yamma. A ja kayan baya su daidaita a kan tayoyi, har sandunan su zama kana iya ɗaga su ba wahala. A riƙa cika tayoyin da iska. Ja kuma da ƙirji ake yi, da ɗamara mai faɗi mai laushi, ba da igiyar leda a wuya ko tsinken taya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duro biyu kilo 400 ke nan, ban da nauyin amalanken, ban da kai da abokinka a sama, ita kuwa gaba ɗayanta ba ta wuce kilo 150 ba. A kan kwalta da sauƙi, a cikin rairayi ku sauka ku taka, ku rage duro ɗaya.

Dole ta huta mako biyu ko uku, babu maganin da zai warkar da miki ana ɗora masa kaya. Ka tafasa ruwa, ka sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, ya huce, ka wanke wurin safe da yamma, ka kare shi daga ƙuda. Kada ka sa baƙin mai, kada ka sa garin batir ko toka ko kashin shanu, duk na ga ana yi, kuma su ke mai da ƙaramin ciwo babba. In ta koma aiki, a yi mata akumari da tsumman auduga mai tsabta, a huda tsakiyarsa kamar gammo yadda ba zai taɓa tabon ba, a riƙa shanya shi kullum don gumi ya bushe. Ruwa kuma a ba ta duk lokacin da aka tsaya. Zancen cewa shan ruwa cikin aiki yana kashe jaki ba shi da tushe, a zafin nan tana bukatar lita 20 ko fiye a rana. Daga azahar zuwa la'asar a kwance ta a kai ta inuwa. Harawa, dusa, ɗan kanwa, da maganin tsutsa daga hannun ma'aikacin kiwo, ba na mai talla ba.

Shawarar sayarwa ta Baba ce, kada ka je masa da wa'azi. Ka zauna gefensa bayan isha'i ku yi lissafi. Sahu nawa take yi a rana, nawa ke shigowa, kwana nawa za ta yi ta haɗa kuɗin dillalin? In an sayar, nawa za a sayi wata a kasuwar yau, da masu fata suka tsadar da ita? Kafin a samu wata kuma, wa zai ɗauko ruwan? Kai ma ka sani, Inna ce da ƙannenka mata, da jarka a ka, wataƙila har wata ta riƙa makara lakwal. In larura ta matsa sai an sayar, a nemi manomi ko mai amalanken da aka sani, wanda zai ɗaga akumari ya ga gyambon ya nemi ragi. Ragin nan shi ne shaidar cewa da ranta yake son ta. Ka kuma tuna wa Baba cewa fitar da jaki daga ƙasar nan haramtacce ne a doka.

Abu ɗaya ka sa wa ido cikin kwanakin nan. Jaki mai buɗaɗɗen miki yana saurin kamuwa da tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. In ka ga muƙamuƙinta ya ƙage ba ta iya tauna, kunnuwa sun miƙe, wutsiya ta sanƙare, ko tana zabura da ƙaramin motsi, kada ka jira gari ya waye, ka nemo likita ya zo gida, ka sa ta a wuri mai duhu marar hayaniya. In ba haka ba, ka kawo ta ma'aikatar kiwo da sanyin safiya, a ƙasa, ba amalanke, a duba haƙoranta a gaya maka shekarunta. Ka taho da akumarin ma, ina so a gan shi.